Aron Muryar Yaya

Laraba, da hantsi

Ni ne Farfesa, shugaban Gidan Kwafin Mutane na duniya baki ɗaya, mai farin kwat har gwiwa, mai tabarau biyu, ɗaya na karatu ɗaya na tsorata ma'aikata. Ka kawo min silin gashin mutum da safe, ka dawo bayan la'asar ka tarar da shi a zaune yana kurɓar shayi yana tambayar ina takalminsa. Shugabannin ƙasa suna layi a ƙofata, wasu na kora su. Wannan rubutu na masu ilimi ne. Duk wanda ya karanta ba shi da digiri bakwai, idonsa zai yi ruwa, ba ruwana.

Ɗakin bincikena yana bayan shagonmu na gyaran talabijin, tsakanin buhun matattun rimot da kwalin wayoyin dish. Babu wuta tun safe. Farfesa bai karya ba. Ba a ɗora komai a gidan ba, kuma ba wanda ya tambaya.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida tun jiya. Mutane suna zuwa, su zauna, su tashi. Ni na gudo nan.

Laraba, bayan la'asar

Baba ya same ni a shago. Ya ja ƙofa ya rufe, abin da ba ya yi da rana.

"Aku."

Sunan da ake kirana ke nan a gida, saboda bakina. Na ce na'am.

"Wannan shirmen naka na kwaikwayon muryar mutane."

"Na daina, Baba."

"Ban ce ka daina ba."

Bara na kira telan layinmu da muryar Yaya na ce ya ɗinka min wando mai ƙafa uku na wani baƙo ne, bawan Allah har ya yanka yadi. A ranar, da igiyar rediyo Baba ya bi ni har bakin titi.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro wayar Yaya. Gilashinta ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, amma tana kamawa.

Umma tana asibiti yau sati biyu, zuciya ce, ana jiran a yi mata aiki. Baba ya ce likita ya ja masa kunne: kada ta ji wani labari, kowane iri, sai an yi aikin an gama, in ba haka ba ba ya da tabbacin za ta kai ranar. Don haka ya ce mata an kira Yaya aiki wani gari, babban otal, kowane ɗaki da talabijin ɗinsa. Ta ce ko a ƙarƙashin ƙasa otal ɗin yake, ai zai kira ta bayan wasa.

Baba ya faɗi wannan maganar ya juya yana kallon bango.

Wasan shi ne wanda ake nunawa bayan magariba, Umma tana ce masa wasan 'yan kwalba. Ciwon suga ya rage mata gani, kuma yarensu ba namu ba ne, don haka kullum Yaya ke kallo ya ba ta labari. Shekara guda ke nan suna haka. Ko da aka kwantar da ita bai fasa ba.

Na ce, "Baba, in ta gane fa?"

Ya ce, "Tela ya gane?"

Laraba, bayan isha'i

An yi gwaji na farko. Farfesa ya yi nasara.

Yaya yakan yi gyaran murya kafin ya fara magana, ya ce "to, to, to" sau uku, kuma dariyarsa ta hanci ce. Ba ya ce mata Umma a waya, sai "ranki ya daɗe". Duk na yi.

Ta ce, "Injiniya, haka ake yi? Ka tafi ba sallama?"

Na ce motar ce ta zo da sassafe. Ta ce na ci abinci? Na ce na ci. Ta ce to ba ni labarin 'yan kwalbata.

Na ba ta. Wani matuƙin jirgin sama ne jirginsa ya faɗa teku. Kamfanin bai gaya wa kowa ba, sai suka kai matajin kansa wurin wani Farfesa, aka ciro gashi, aka shuka shi a wata doguwar kwalba mai koren ruwa. Yau ne aka fito da shi aka goge masa jiki aka sa masa hula, aka kai shi gida wurin matarsa da tsohuwarsa. Shi kansa bai san kwafi ba ne. Abu ɗaya ne babu a jikinsa, cibiya.

Umma ta ce, "Matar za a iya ruɗa ta. Tsohuwar dai a jira."

Da na kashe wayar na fita bayan shago na zauna.

Alhamis, da azahar

Na je asibiti a matsayin ni. Ɗakin mata gado takwas ne, talabijin ɗaya a saman ƙofa, fankar sama tana kuka kamar an taka mata wutsiya. Umma tana gado na biyu. A gadon taga akwai wata tsohuwa mai karyayyen ƙugu, wadda ba abin da ke wucewa a ɗakin ba ta sa baki ba. Na raɗa mata suna Gidan Rediyo.

Umma ta shafa fuskata ta ce na rame. Sai kuma ta ce, "Yayanka yana can wata uwa duniya ya kira ni. Kai kana gari, kwana biyu ban ga ƙeyarka ba."

Na ce aiki ne ya yi yawa.

"Wane aiki? Aikin tsokanar mutane?"

Na kwaikwayi tafiyar wata nas mai tabarau don ta yi dariya. Ba ta gani sosai, amma Gidan Rediyo ta yi dariya har ta riƙe ƙugu tana zagina.

Juma'a, da safe

Mai gidan da Yaya ya je yi wa aiki ranar Talata ya aiko da tsaninmu a kan keke. Matakala ta biyu daga sama ta lanƙwashe. Baba ya ce a jingine shi a bayan shago. Yana nan, daidai inda nake zama.

Asabar, bayan isha'i

Kwafin matuƙi yana cin abinci da hannun da ya saba, ya san inda makullin mota yake, ya san sunan karen maƙwabta. Karen ne dai ba ya zuwa wurinsa.

Umma ta ce dabba ba a yi mata ƙarya.

Ta tambayi otal. Na gina mata shi tun daga ƙasa: hawa tara, lif mai madubi, manaja gajere mai tumbi wanda ba ya iya cewa "dish" sai ya tofa wa mutum yawu. Na yi mata muryar manajan ma. Sai da na gama na tuna Yaya ba ya kwaikwayon kowa.

Ta ce, "Ka fara ɗaukar halin ƙaninka."

Na ce, "To, to, to."

Lahadi, da la'asar

An naɗe tabarmin ƙofar gida.

Litinin, bayan isha'i

Ruwa aka yi, shago ya ɗiga, sai na yi kiran daga ɗakina. Ban yi tunani ba. Bango ɗaya ne tsakanina da ɗakin Anti, matar Yaya, wadda cikinta ya kai wata bakwai, kuma tun ranar Talata ba ta fito tsakar gida ba.

Ina cikin cewa "ranki ya daɗe, yau tsohuwar ta fara kallonsa a kaikaice" sai ƙofata ta buɗe da ƙarfi. Anti ce, ba ɗankwali, ba takalmi. Ta duba bayan ƙofa. Ta duba kan gado. Sannan ta dube ni, da wayar a kunnena.

Na ce wa Umma manaja yana kirana, na kashe.

Anti ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ƙofa a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ta ce, "Ba wanda ya gaya min."

Na ce Baba ne ya sa ni.

Ta daɗe tana kallon wayar. Sai ta ce, "Ba haka yake cewa 'tsohuwa' ba. Yana jan ƙarshen."

Ta tashi ta koma. Na ji ta sa sakata.

Talata, da hantsi

Sati guda. Farfesa ba ya aiki yau, ya ba ma'aikata hutu.

Laraba, da azahar

Umma ta tambayi Anti. Na ce ƙafarta ta kumbura, an hana ta hawa mota. Ta tambayi tata ƙanwar, ita Umma, me ya sa ta zo jiya ta zauna kamar an aiko ta, ta tashi ba hira. Na ce haƙori ke damunta. Ta tambayi me ya sa Baba ya daina sa turare. Wannan ban samu amsarsa ba, sai na ce ya ƙare.

Ƙarya kamar wayar dish ce, in ka ja nan sai can ya motsa. A da ina yin ta don a yi dariya, ta minti biyar, a kama ni, a zage ni, a wuce. Ban taɓa riƙe guda ɗaya har ta kwana ba.

Alhamis, bayan isha'i

Wannan ban so in rubuta ba.

Bayan labarin wasa ta ce kada in kashe, tana da magana. Ta rage murya don kada Gidan Rediyo ta ɗauka.

"In aikin nan bai zo da sauƙi ba, ga ƙaninka nan."

Na ce, "Ranki ya daɗe, daina wannan magana."

"Saurara. Kowa na ganin shashasha ne. Ba shashasha ba ne. Da aka kai shi makarantar allo kai aka kai ka boko, kwana uku yana kuka a bayan ƙofa, da ya ga ba mai kula shi sai ya fara ba mutane dariya. Tun ranar bai daina ba. Babanku ba ya gane shi. Ni ma tsawa na iya yi masa, in ban yi ba sai in ga kamar zan lalata shi. Kai ka ja shi a jiki. Ka bar shi ya riƙa karɓar baƙi a shago, bakinsa yana kawo ciniki. Kuma kada ka gaya masa na faɗa, kansa zai kumbura."

Na ce ba zan gaya masa ba.

Juma'a, da la'asar

Ta ce min yau, ni da kaina, "Ka zauna sosai mana, ƙato da kai kana karkaɗa ƙafa kamar ɗan akuya."

Na zauna sosai.

Asabar, da safe

Wani ya kawo talabijin ba hoto sai murya. Na buɗe bayanta na tsaya ina kallo. Yaya ne ya san cikin waɗannan abubuwa, ni aikina miƙo sukudireba da riƙe fitila. Shi ya koya min bokon da nake rubutu da shi, a jikin kwalaye, don in riƙa rubuta sunan mai kaya a manna. Na mayar da murfin na ce wa mutumin injiniya ya yi tafiya.

Mutumin ya ce, "Ai na zo gaisuwa ranar, ba ka gane ni ba?"

Na ba shi haƙuri. Bakina ne ya saba.

Lahadi, bayan isha'i

Yau a wasan tsohuwar ta shiga ɗaki kwafin yana canza riga. Ta ga cikinsa sumul. Ta kai hannu ta shafa wurin, ta shafa, ta sake shafawa. Sai ta zame ta faɗi a jikin gado. Aka nuna motar asibiti, aka ɗauke hoto.

Na zauna da waya a hannu har aka kira isha'i. Da na kira ta na ce yau ba wani abu, sun tafi bakin teku ne gaba ɗaya, an yi wasan ruwa, tsohuwar ta ci kifi har ta nemi ƙari.

Umma ta ce, "Bakin teku? Ya cire riga?"

Na ce sanyi ake yi, bai cire ba.

"Amma aka yi wasan ruwa."

Na ce caji zai ƙare.

Litinin, da azahar

Na manta akwai talabijin a saman ƙofarsu. Na manta da Gidan Rediyo.

Ina shiga ta tare ni. "Kai ɗan nan, yayanka wace tasha yake kallo? Jiya tsohuwa ta faɗi sumammiya a gaban idona, shi ya ce wai kifi ta ci."

Na ce wataƙila a garin da yake an riga mu gaba, ko an bar su a baya.

"Ko dai kifin ne ya sumar da ita," in ji ta, ɗakin ya ɗauki dariya.

Umma ba ta yi ba. Tana kwance tana fuskantar silin. Can ta ce, ba da ni take ba, ba da kowa ba, "Yaron nan tun da na haife shi bai taɓa rage min labari ba. Ko mummuna ne sai ya faɗa, ya ce in yi haƙuri."

Nas mai tabarau ta zo awon jini. Ta auna, ta sake aunawa, ta dube ni ta saman tabarau kamar ni na hau da shi.

Talata, bayan magariba

Ban kalla ba. Na kunna, na kashe murya, na bar su suna motsa baki.

Na kira na ce dish ɗin otal ya samu matsala. Ta ce injiniya guda a wuri dish ya samu matsala? Ta ce Allah ya kyauta. Ba ta ce in ci abinci ba.

Laraba, da hantsi

Na gaya wa Baba ta fara zargi. Yana lissafin carbi bai ɗago ba.

"An sa rana. Asabar da safe. Ka riƙe min ita zuwa Asabar."

"Baba, ko za a gaya mata a hankali?"

"Wane hankali? Akwai hankali a wannan maganar?" Ya ajiye carbin. "Na rasa ɗaya. Ba zan rasa biyu a wata guda ba. Duk abin da ta tambaya ka ba ta. Ka ji ni? Duk abin da ta tambaya."

Wannan ne karo na farko da wani ya faɗi kalmar rashi a gabana. Na fita na bar masa shagon.

Alhamis, da la'asar

Anti ta aiko yarinyar maƙwabta ta kira ni. Na tsaya daga bakin ƙofa. Ta ce abin cikinta yana motsi in ya ji muryar nan ta bango. Ta ce ba roƙona take in yi ba, kuma ba hana ni take ba, gaya min kawai take.

Na ce ko in yi masa muryar agwagwa, ya fi dacewa da shekarunsa.

Ta yi murmushi kaɗan. Shi ne na farko a gidan nan cikin sati biyu, kuma Farfesa ne ya ƙera shi, a rubuta.

Juma'a, bayan isha'i

Bari in rubuta yadda ya faru.

Na kira. Na yi gyaran murya, na yi to, to, to. Ta ce yau ba ta son labarin 'yan kwalba. Ta ce gobe ne, kuma tana jin tsoro, in karanta mata surar nan tata.

Akwai wata sura da take so. Duk lokacin da ba ta da lafiya Yaya ke zama a gefenta ya karanta. Shi karatunsa na yamma ne bayan an taso boko, bai zauna masa sosai ba, kuma akwai wuri ɗaya a tsakiya da kullum yake zamewa: ayar ta yi kama da wata a wata sura, sai ya tsallaka can ya ci gaba abinsa bai sani ba. Sai Umma ta ɗan buge masa gwiwa ta ce, "A'a, Injiniya, ka shiga gidan maƙwabta, dawo." Su yi dariya, ya dawo. Tun ina yaro haka ake yi. Ko sau ɗaya bai taɓa wuce wurin nan lafiya ba.

Na san wurin sarai. Na taɓa kwaikwayonsa a tsakar gida ina ɗan shekara goma, da zamewar da komai. Ranar ba Baba ne ya dake ni ba, Umma ce, da hannunta, ta ce in yi wasa da muryar kowa a duniya ban da wannan. Malamin allonmu ma da ya ji ya ƙara min nasa. Shekara tara na yi a gaban allo. Wurin nan na wanke shi na sha ya fi a ƙirga.

Na fara da muryar Yaya. Tana bina a hankali, ina jin numfashinta. Baba yana tsaye a ƙofar shago. Shi ma ya san wurin, na ga ya ɗaga min hannu, yana nuna min gefe, wato in kauce, in zame.

Duk abin da ta tambaya ka ba ta.

Saura aya uku na ce zan zame. Saura biyu na ce Allah ya ga dalili. Saura ɗaya na shirya harshena, na ɗora shi a kan hanyar gidan maƙwabta.

Ban san me zan ce ba. Ba zan ce na zaɓa ba, ba zan ce ban zaɓa ba. Na buɗe baki sai ayar da ke wurin ta fito, daidai, da ta bayanta, da ta bayanta.

Ta daina bina.

Na tsaya. Ba abin da nake ji sai kukan fankar ɗakinsu.

Ta ce, "Ci gaba."

Na ci gaba. Wajen ƙarshe na lura ba muryar Yaya ba ce kuma, ban san inda na yar da ita ba.

Da na idar ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Aku." Sai ta ce, "Wace rana ce?"

Na ce Talata. Yau kwana goma sha bakwai.

"Ya sha wuya?"

Na ce a'a. Wannan gaskiya ce, haka suka ce.

"Ba ni babanka."

Asabar, da azahar

Ba a yi aikin ba. Jininta ya hau, sun sa mata abin numfashi, sun ja labule sun zagaye gadon. Likita ya fito ya yi wa Baba magana a baranda, da ƙaramar murya, yana nuna shi da biro. Baba yana ta gyaɗa kai kamar yaron makaranta.

Baba ya wuce ta gabana bai dube ni ba.

Lahadi, da la'asar

Bai dube ni ba.

Litinin, da safe

Wayar Yaya ta mutu. Ban sa mata caji ba.

Litinin, bayan la'asar

An cire mata abin numfashi. Ta ce a kira mu mu biyu. Gidan Rediyo ta juya fuska bango ta yi kamar barci, Allah ya saka mata.

Umma ta yi ƙanƙanta a gadon. Ta ce wa Baba, "Malam, daina hararar yaron nan, ina ji a jikina ko ban gani ba. Ni na sa masa tarko. Tun ranar kifi na kwana ina juyawa. Na ce in Injiniya ne zai zame, in wannan ne ba zai iya ba ko an ɗora masa wuƙa."

Baba ya ce, "Don ke aka yi."

"Na sani. Da za ku bari a kwantar da ni a yanka, in tafi ko in dawo, ban yi wa ɗana addu'a ko sau ɗaya ba? Sati biyu ina tambayarsa ko ya ci abinci."

Baba ya zauna a kan kujerar roba. Ya rufe fuska da hularsa. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai yau, gashin ya tafi.

Ta lalubo hannuna. "Kai kuma, maganar da na gaya wa yayanka ranar nan, ba kai na gaya wa ba."

Na ce ban ji komai ba, layin ba kyau.

"Maƙaryaci," ta ce. Ba ta saki hannun ba.

Laraba, bayan magariba

An sake sa rana, gobe. Likita ya ce yanzu hatsarin ya fi na da. A gabana ya faɗa, ban sani ba ko da gangan.

An kunna wasan a ɗakinsu. Kwafin yana zaune a bakin gadon tsohuwar, ya gane ko shi wane ne, ya rasa ko ya tafi ko ya zauna. Umma ta ce a rage murya. Ba ta tambaye ni me ke faruwa ba, ni ma ban faɗa ba.

Alhamis, da hantsi

Sun shiga da ita. Muna benci ni da Baba, akwai wurin mutum ɗaya a tsakaninmu.

Alhamis, da azahar

Shiru.

Alhamis, bayan la'asar

Ƙofar tiyata ta buɗe. Nas mai tabarau ta fito tana cire safar hannu. Ta ce an gama, ta farfaɗo, amma sai an ga kwana biyu kafin a ce komai. Ta ce mutum ɗaya zai shiga, minti kaɗan.

"Tana kiran ɗanta. Wane ne ɗanta?"

Ban motsa ba. Na saba in an faɗi haka wani ne ke tashi, ya gyara riga, ni in riƙe masa waya. Na tsaya ina jira ya tashi.

Nas ta ce, "Ta ce mai surutun."

Baba ya miƙo hannu ta kan wurin da ba kowa, ya taɓa min kafaɗa.

Na shiga. Ba ta iya magana sosai ba, ni ma ban yi surutu ba. Na riƙe mata yatsa har aka ce in fito.

Juma'a, da safe

Ga wanda ya tsinci wannan: babu wani Farfesa. Babu farin kwat, babu tabarau ko ɗaya, babu shugaban ƙasar da ya taɓa tsayawa a ƙofata, ko mai kawo gyaran rimot sai ya leƙa ya ga ba injiniya ya juya. Ban iya shuka mutum a kwalba ba. Matajin Yaya yana nan a kan taga da gashinsa a jiki, na duba shi ya fi sau nawa, ba abin da na iya yi da shi.

Wanda ya rubuta wannan Aku ne, ƙanin Injiniya, ɗan makarantar allo, mai riƙe fitila a shagon gyaran talabijin. Ina da cibiya, na duba.

Baba ya ce in ɗauki tsanin nan in kai wa maƙeri ya miƙe matakalar, sannan in buɗe shago. Daga can zan wuce asibiti. Anti ta ba ni ruwan zafi a fulas in kai wa Umma.